Makarantar soja ta Tchitchao ba gidan mari ba ce

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana iyaye na zangunan arewacin Togo, daga nan Sokode har Mango da Dapaong da Cinkasse. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu. Da zarar yaro ya fara gagara, ya ƙi lakwal, ya ƙi makarantar allo, ya fara kwana a waje, sai ka ji uba ya ce: "Ƙyale shi, soja zan kai shi, su za su gyara min shi." Abin da yake nufi shi ne makarantar kwana ta soja da ke Tchitchao, kusa da Kara, wadda aka buɗe a 1979, kuma yanzu take ɗauke da sunan marigayi Shugaba Eyadema. Na koyar a ajin ƙarshe na firamare shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma ina ganin wannan maganar tana yi mana ɓarna ta fuska biyu. Gagararren yaron bai samu gyaran ba, yaron kirkin da ya dace da makarantar kuma ba a ko kai shi ƙofarta ba.

Makarantar nan ba ta karɓar wanda ya fi ƙarfin iyayensa. Jarrabawa ake yi, ta gasa, ga yaran da suka gama aji shida na firamare suka ci CEPD. Akwai iyakar shekaru, akwai gwajin likita, kuma masu nema sun ninka guraben da ke akwai. Wanda ya shiga zai yi karatun sakandare irin na kowa, ya zana BEPC, ya zana BAC, sai dai cikin kaki, da tashin asuba, da fareti, da motsa jiki, da biyayya ga na gaba. Daga nan wasu kan nemi shiga makarantar hafsoshi da ke Pya, ko ta likitocin soja da ke Lome. To ina yaron da bai iya karanta layi uku na Faransanci ba zai tsallake wannan? Haziƙai ake tacewa.

Haka tsarin yake a ƙasashe da dama na yankin nan. Faransawa ne suka fara irin wannan makaranta a Saint-Louis ta Senegal a 1923, sannan aka yi ta Kati a Mali da ta Wagadugu. Seyni Kountche na Nijar da Mathieu Kerekou na Benin duk sun bi ta Kati da Saint-Louis suna yara. Thomas Sankara ya shiga ta Wagadugun a 1966. A Najeriya kuwa akwai ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, inda Janar Tunde Idiagbon ya yi karatu. Ko mutum yana son mulkin waɗannan ko ba ya so, ba wanda zai ce daƙiƙai ne aka kwaso daga tasha. Yara ne masu kaifin ƙwaƙwalwa da aka hango tun da wuri.

Wata rana da hantsi, wata baiwar Allah ta shigo min gida da ɗanta mai shekara 15. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata leda baƙa, a ciki da katin rigakafi da ya yi laushi da tsufa, da hoton yaron guda biyu, da 'yan kuɗin da ta tara na sayar da koko. Ta ce, "Malam, don Allah ka rubuta min takarda a kai shi wurin sojan nan na Kara. Ubansa ya rasu, ni kuma ya fi ƙarfina." Yaron yana tsaye jikin ƙofa, kansa a ƙasa, yana murza silifas da yatsan ƙafa. Na tambaye shi inda ya tsaya a lakwal, ya ce aji huɗu. Takardar haihuwa fa? Babu. Na yi mata bayani a hankali cewa wannan ƙofar ba za ta buɗe masa ba, shekarunsa sun wuce, karatun ma bai kai ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙanensa da ta ambata a cikin hirar, mai shekara 9, wanda ta ce shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Shi ba ta taɓa tunanin makarantar soja dominsa ba, saboda a ganinta ai shi ba ya da laifi. Babban mun kai shi wurin wani bakanike a bakin babbar hanya, kuma alhamdulillahi hannunsa ya faɗa da aikin. Ƙaramin kuwa sai da muka fara da neman takardar haihuwarsa a kotu.

Ina jin tsoron wannan ɗabi'a ta "a kai shi a gyara shi", domin mun ga inda take kai mutane. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne da hannunsu suka kai yawancin waɗannan, har suna biyan kuɗi, suna ganin tarbiyya suka saya. Uban da ya sa a ransa cewa tarbiyya ita ce duka da tsoratarwa, in ƙofar soja ta ƙi buɗuwa, zai nemi duk wanda ya yi masa alkawarin horo mai tsanani, ko da a bayan katanga ne inda ba mai jin kukan yaron. Horon makarantar soja yana da dokoki da manhaja da malamai da likita da hukumar da ke sa ido. Ba ɗaya suke da ɗakin da aka kulle da kwaɗo ba.

Wani zai ce kaki ba namu ba ne, mu 'yan kasuwa ne, gadonmu fatauci da almajiranci. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Lokacin da Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sandansu a Togo a 1885, Hausawa ne farkon waɗanda suka ɗauka, kamar yadda Turawan Ingila suka yi a Legas. Masu masaukinmu Kotokoli ma suna da mahaya dawakinsu na yaƙi, kuma har yau ana ganin burbushin wannan jarunta a bikin Adossa-Gadao. Bambancin shi ne kakanninmu sun shiga a matsayin kurata, ana ba su umarni. Yau akwai hanyar da ɗan zango zai shiga da ilimi ya zama hafsa, ko likita, ko injiniya, mu kuma muna zaune muna kallon hanyar a matsayin hukunci.

Abin da ke tare mu ba ɓoyayye ba ne. Na farko takardar haihuwa. Doka ta ba da kwana 45 a je a rubuta jariri. In aka wuce, sai an bi ta kotu da shaidu da kashe kuɗi da zirga-zirga. Tun daga Janairun 2022 gwamnati ta sa takardar ta zama kyauta, amma har yanzu za ka ga an yanka rago, an yi suna, an tara maroƙa, takarda kuwa sai lokacin da yaro zai zana CEPD a fara gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa a wannan gaggawar ake ƙiyasta shekarun yaro da ka, a rubuta abin da bai dace ba, daga baya ya zame masa ƙaya a duk jarrabawar da ke da iyakar shekaru.

Na biyu Faransanci. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, Tem na Kotokoli a unguwa, Larabci a allo, kuma wannan arziki ne babba. Amma jarrabawar da Faransanci ake yin ta, shifta da lissafi da rubutun insha'i. Tun 2008 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, saboda haka uzurin kuɗi ya ragu. Abin da ya rage shi ne uba ya daina cire yaro daga aji ranar kasuwa don ya tsare masa shago, ya daina jinkirta sa shi lakwal har sai ya kai shekara tara. Allo da lakwal suna tafiya tare, na ga yaran da suka sauke kuma suka yi na ɗaya a aji.

Sai dai ba zan ɓoye wa iyaye nauyin abin ba. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 da aka raba da uwarsa aka sa shi cikin kaki yana kuka da dare, komai ƙarfin halinsa. Akwai yaron da wannan rayuwa take buɗe masa ƙirji, akwai wanda take ƙuntata shi, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Uba ya san ɗansa. A zauna da yaron a tambaye shi, a kuma saurari uwarsa, kada a yanke a majalisar shayi don a ce ɗan wane ya shiga soja. In ya shiga, a riƙa ziyara duk lokacin da aka ba da dama, a tambayi yadda yake salla da azumi, a dubi jikinsa da idonsa. Kowace irin makarantar kwana ce a duniya, yaron da ake leƙawa ya fi samun kariya daga zaluncin manyan ɗalibai.

Sannan kakin yau ba na fareti kaɗai ba ne. Ƙanena yana zaune a Dapaong, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a yankin Savanes ya san yadda zama ya canza. A Nuwamba 2021 aka kai hari a Sanloaga, cikin Kpendjal. A Mayu 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, kuma a watan Yuni na 2022 ɗin aka sa dokar ta-ɓaci a yankin. Duk uban da ya miƙa ɗansa ya sani cewa wata rana ana iya tura shi can. Ni a ganina wannan ƙarin dalili ne na a samu 'ya'yanmu a ciki. Hafsan da ke jin Hausa da Fulatanci da Moba, wanda ya san bambancin malamin zaure da mai ɗauke da bindiga, wanda ya san yadda ake gaida dattijo a ruga, zai kare rayukan da wanda bai san mu ba zai iya salwantarwa cikin kuskure. Masu tayar da ƙayar bayan nan da sunan addininmu suke fakewa, kuma mu ake fara yi wa kallon zargi a shingen bincike. Bai kamata mu tsaya a gefe ba.

Roƙona ga sarakunan zango da limaman Juma'a na Didawure da Komah da sauran unguwanni shi ne, in lokacin jarrabawar ya ƙarato, a nemi sanarwar hukuma a karanta ta a masallaci, a faɗi takardun da ake buƙata da ranar rufewa. Gidajen rediyonmu na Sokode da Dapaong su maimaita da Hausa da Tem da Moba, domin sanarwar da aka manna da Faransanci a bangon ofis ba ta isa kunnen mai koko ba. Malaman aji shida kuma su kira iyayen yaran da suka ga sun dace tun farkon shekara, su gaya musu. Masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin hoto da kuɗin mota da gwajin likita na marayun da ke da ƙoƙari. Kai kuma Malam Edita, in da hali, ka tura wakilinka Tchitchao ya tattauna da hukumar makarantar, ya kawo mana sharuɗɗan shiga dalla-dalla da Hausa kafin jarrabawa mai zuwa.



Naka,
Tsohon malamin firamare,
Unguwar Komah, Sokode, Togo