Tambaya Kafin Neman Gurbi

A shekarar 2004, ƙungiyar kwalejojin koyar da jinya ta Amurka, mai hedkwata a Washington, ta amince da digirin digirgir na aikin jinya, wanda ya bambanta da na bincike. Jami'o'in Georgetown da George Washington suna bayar da shi. Sunan jami'a yakan ruɗi masu neman gurbi, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. An tsara ɗalibi ya cika sa'o'i 1,000 na koyon aiki bayan digirin farko, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. To, wa zai samo masa ƙwararren? Wasu makarantu sukan ɗora wa ɗalibi wannan nauyi. Ya kamata ya tambaya tun kafin ya cika fom, domin rashin mai kulawa kan jinkirta kammala karatu, ga kuma bashin kuɗin makaranta yana ta ƙaruwa.