Lafiya Uwar Jiki: In Tsoho Ya Tuɓe Tufa A Gaban Jama'a

A cikin wahalhalun da rikicin tsufa kan jawo wa iyali, da wuya a sami wadda ta fi ƙona rai kamar a ga dattijon da aka sani da kunya da kamala ya tuɓe riga a tsakar gida, ko ya kwance wando a zaure gaban baƙi. Nan da nan wasu kan ce iska ce, wasu su ce sammu. In kuwa tsohuwa ce ta fita waje a haka, har maita akan laƙa mata, a taru a kanta da duka.

Alhali kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Tun cikin 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa. Ciwon yakan raunana sashen ƙwaƙwalwa mai hana mutum aikata abin kunya, ya kuma ƙwace masa kalmomi. To, wanda baki ya kasa faɗin damuwarsa, hannu ke faɗa masa. Watakila zafi ya dame shi, ko ƙaiƙayi, ko fitsari ya matse shi ya manta hanyar bayan gida, ko kuma ya zaci lokacin barci ya yi.

Saboda haka kada a yi masa tsawa, kada a bar yara su yi dariya. A matso a hankali da zane ko mayafi a suturta shi, a ce, "Baba, mu shiga ɗaki ka huta." A riƙa kai shi bayan gida kowace awa 2 ko 3. A ɗinka masa tufafin auduga marasa nauyi, masu maɓalli ta baya. In da hali, ɗa ya kula da uba, 'ya ta kula da uwa. Ɗauri da kulle kuwa ba sa ƙara masa kome sai firgita.

In halin ya zo farat ɗaya, ko tare da zazzaɓi, a gaggauta kai shi asibiti, don sau da yawa ciwon mafitsara kan birkita tsofaffi. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri.

A sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da ake ciki tun da wuri, domin ran da ya fita, mai zane ya riga mai sanda isa gare shi. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.