'Yancin Wa? Kamfanin Blue Note da Makaɗansa

Duk wanda ya leƙa tarihin kiɗan jaz, watau kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na ashirin, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Blue Note. Kamfani ne na buga faifai, ƙarami ƙwarai idan an gwada shi da manya irin su Columbia da RCA Victor, amma masana kiɗa sun daɗe suna kafa misali da shi a kan amfanin kamfani mai zaman kansa. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai ra'ayin wannan maƙala shi ne, 'yancin da ake ta yabo na mai kamfani ne, makaɗan kuwa sa'ar ubangida nagari kurum suka yi.

Wanda ya kafa kamfanin, Alfred Lion, Bayahude ne haifaffen Balin ta ƙasar Jamus. Yana saurayi ya ji ƙungiyar wani makaɗi baƙar fata, Sam Wooding, da ta zo Balin a 1925, tun daga ranar kiɗan ya shiga ransa. Da Hitila ya hau mulki zama ya gagari Yahudawa, sai ya bar ƙasar, daga bisani ya yada zango a birnin Niyok. A watan Disamba na 1938 ya halarci wani taron kiɗa a zauren Carnegie, ya ji wasu gwanayen fiyano biyu, Albert Ammons da Meade Lux Lewis. Mako biyu kacal bayan haka, ran 6 ga Janairu 1939, ya yi hayar ɗakin ɗaukar murya ya ɗauki kiɗansu. Mafarin Blue Note ke nan. Wani marubuci mai suna Max Margulis ya taimaka da jari, kuma kafin shekarar ta ƙare abokin Lion na ƙuruciya, Francis Wolff, mai sana'ar hoto, shi ma ya tsero daga Jamus ya same shi.

Abin da ya fara bambanta waɗannan baƙi biyu da sauran 'yan kasuwa shi ne, kunnensu suke bi. A 1947 wani mabushin saksafon da ke yi musu farautar gwanaye, Ike Quebec, ya haɗa Lion da Thelonious Monk, makaɗin fiyano wanda a lokacin mutane da yawa ke ɗauka hannunsa a karkace yake. Lion ya ɗauki kiɗan Monk a watan Oktoba na wannan shekara, karo na farko ke nan da Monk ya shiga faifai a matsayin shugaban ƙungiya. Faifan ba su yi kasuwa ba. Duk da haka ya ci gaba da ɗaukarsa har 1952. Haka ya yi wa Herbie Nichols a 1955 da 1956, shi ma babu ciniki. A babban kamfani, inda sai akawu ya duba lissafi kafin a buɗe wa makaɗi ƙofa, da wuya a sake kiran irin waɗannan mutane bayan asarar farko.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci ko da yake ba shi da armashi a baki, shi ne kuɗin bita. Lion yakan biya makaɗa ladan kwana biyu ko uku su zauna su gwada kiɗan da za su yi kafin ranar ɗauka. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma a sana'ar da mutum ke kwana yana busa a gidan rawa don ya sami na haya, ba kowa ke iya ba da yini uku a banza ba. Da yake an biya, sai makaɗi ya sami sukunin kawo sabon kiɗan da ya tsara da kansa, mai wuya, maimakon a hadu a maimaita abin da kowa ya riga ya haddace. Wannan ne ya sa faifan Horace Silver da na Art Blakey, da 'Blue Train' na John Coltrane na 1957, suka fito a tsare kamar saƙar gwani. Daga 1953 kuma ana yin ɗaukar ne a hannun Rudy Van Gelder, wani mai sana'ar gwajin ido da yanka tabarau, wanda ya mai da falon gidan iyayensa a garin Hackensack, tsallaken kogin Hudson, ɗakin ɗaukar murya. Wolff na gefe yana ɗaukar hotuna, Reid Miles kuma ya tsara bangon faifai da su.

Akwai masu musun wannan batu na bita, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kamfanin Prestige, abokin hamayyar Blue Note, ba ya biyan kuɗin bita, amma a wannan falo na Van Gelder, cikin zama biyu tak a 1956, Miles Davis ya ɗaukar masa kiɗan da ya cika faifai huɗu waɗanda har gobe ana jinjina musu. Amsar ita ce, ƙungiyar Davis ta riga ta daɗe tana kiɗa tare dare da dare, watau ta yi bitarta a gidajen rawa. Wanda ke bukatar kwana ukun Lion shi ne yaron da bai yi suna ba, wanda ba shi da ƙungiya tasa.

To, ina aibin yake? Aibin yana cikin tef na asali, wanda daga gare shi ake buga kowane faifai. Makaɗi ya zo ya busa, an biya shi ladansa, ya tafi. Tef ɗin ya zama dukiyar kamfani, kuma mai kamfani ke da ikon cewa a fitar ko a ajiye. Lion mutum ne mai yawan ɗauka, fiye da abin da aljihunsa zai iya bugawa, saboda haka tef da yawa suka kwanta a ma'ajiya. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Harold Brooks, wanda aka fi sani da laƙabin Tina Brooks, mabushin saksafon. Tsakanin 1958 da 1961 ya ɗauki kiɗan faifai huɗu da sunansa, guda ɗaya kaɗai, 'True Blue' na 1960, aka fitar yana raye. Babu wanda ya ce Lion ya yi haka da mugunta. Amma a wannan sana'a faifai shi ne shaidar mutum, da shi masu gidajen rawa ke sanin wanda za su kira. Kunnen da ya ɗaga Monk shi ne ya ajiye Brooks, ba kuwa inda Brooks zai ɗaukaka ƙara.

Abin mamaki, ciniki ne ya karya kamfanin. A watan Disamba na 1963 Lee Morgan, mai busa ƙaho, ya ɗauki 'The Sidewinder', da ya fito a 1964 sai ya yi kasuwar da Blue Note bai taɓa gani ba, 'Song for My Father' na Horace Silver kuma ya biyo baya. Ga ƙaramin kamfani wannan alheri ne mai haɗe da wahala, domin kuwa ma'aikatar buga faifai tana son kuɗinta da wuri, dillalai kuwa bashi suke ɗauka, su biya a makare, kuma kullum kukansu a kawo musu wani mai kama da wanda ya karɓu. Lion ga gajiya ga ciwon zuciya. Ba a kai ƙarshen 1966 ba ya sayar wa kamfanin Liberty, a 1967 ya yi ritaya. Wolff ya ci gaba da riƙo har rasuwarsa a 1971.

A nan ne maganar ta fito fili. Da aka yi cinikin, duk tef ɗin da ke ma'ajiya suka bi sabon mai shi, ba a nemi shawarar ko makaɗi ɗaya ba, domin doka ba ta ce a nema ba. A 1968 Liberty ya faɗa hannun Transamerica, kamfanin da asalin harkarsa inshora ce da hada-hadar kuɗi. A 1979 EMI na Ingila ya saye, sunan Blue Note ya yi barci har 1985 da aka farfaɗo da shi, a 2012 kuma ya koma ƙarƙashin Universal. An sake buga waɗannan kiɗe-kiɗe sau da yawa, an sayar a ƙasashe da dama, galibin waɗanda suka busa su kuwa sun riga mu gidan gaskiya. In akwai inda karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta dace, to a wannan zango ne.

Makaɗan ba su jahilci wannan ba, wasunsu ma sun nemi mafita. Tun a 1952 Charles Mingus da matarsa Celia da Max Roach suka kafa kamfanin Debut, bai wuce 1957 ba. A 1971 Charles Tolliver da Stanley Cowell, waɗanda dukansu sun taɓa yin kiɗa a faifan Blue Note a ƙarƙashin wasu, suka kafa Strata-East bisa wata ƙa'ida dabam: makaɗi ya ɗauki nauyin ɗaukar kiɗansa, tef ya zama nasa, kamfani ya buga ya rarraba. Ta wannan hanya aka fitar da 'Winter in America' na Gil Scott-Heron da Brian Jackson a 1974. Wannan tsari ya fi kusa da abin da ya cancanci a kira 'yanci, ko da yake shi ma da nasa ciwon, don kuwa wanda ba shi da kuɗin ɗauka ba shi da hanyar shiga, babu kuma mai biyan kuɗin bita. Kafin shekarun 1970 su ƙare ƙarfin kamfanin ya ragu ƙwarai.

Tef ɗin da Lion ya ajiye sai daga 1975 wani mai bincike, Michael Cuscuna, ya sami izinin shiga ma'ajiya ya fara tono su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu har da na Brooks. Na farkonsu, 'Minor Move', wanda aka ɗauka a 1958, ya fito a ƙasar Japan a 1980, masu sharhi suka yi ta mamakin yadda aka ɓoye gwani irin wannan. Brooks ya rasu tun 1974, yana da shekara 42.