Sauya Tsarin Cin Wuta Na Kwamfuta

Zancenmu na wannan mako a kan tsarin cin wuta na kwamfuta yake, da yadda manhaja ke sauya shi da kanta.

Tun daga Vista, wadda ta shiga kasuwa cikin 2007, Windows tana da tsari uku sanannu: na tsimi, da madaidaici, da na cikakken ƙarfi. Kowanne da lambarsa doguwa, mai haruffa da alƙaluma 32. In ka rubuta powercfg /list sai ta jero su, ta sa tauraro jikin wanda ke aiki. In ka rubuta powercfg /setactive ka bi shi da lambar, nan da nan tsarin ya sauya. Manhaja tana iya aika wannan umurni, ko kuwa ta kira PowerSetActiveScheme da ke cikin powrprof.dll, wanda a ganina ya fi, gama yakan komo da amsa ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba.

A yi hattara da laƙabinsu. SCHEME_MIN ba ƙarancin ƙarfi yake nufi ba, ƙarancin tsimi ne, watau cikakken ƙarfi. SCHEME_MAX kuwa shi ne na tsimi.

To, jama'a, ga inda ƙorafina yake. Sauyin nan ba ya tafiya don an rufe manhaja. Ko an kashe kwamfutar an sāke kunnawa, yana nan daram. Ɗauki malamin makaranta da ke haɗa sakamakon jarrabawa: wata manhaja ta ɗora masa cikakken ƙarfi ta yi tafiyarta, aka ɗauke wuta, batir ya ƙare tun bai kai rabin aji ba. Bawan Allah sai ya zargi batir, watakila har ya ɓad da kuɗinsa ya sayi sabo.

Saboda haka ina roƙon masu rubuta manhaja, kafin ku sauya ku tambayi tsarin da kuka tarar, da PowerGetActiveScheme ko powercfg /getactivescheme, ku rubuta lambar cikin fayil, domin ko manhajar ta faɗi tsakiyar aiki a sami abin da za a mayar in an sāke buɗe ta. Ku kuma duba ko tsarin da kuke so yana nan, don ƙananan kwamfutoci da yawa na yanzu madaidaici kaɗai suke nunawa, umurnin kuwa ba zai karɓu ba.

Wasalam. Ni ne naku,
Wani Akawu