Lokotoro da Pompiye: Wa Aka Cuta?

'Yan'uwa, gardama ta tashi a wuraren hira tun daga Yamai har Damagaram. Wasu sun ce albashin lokotoro ya yi yawa in an gwada shi da na pompiye masu kashe gobara. Wasu sun ce a'a, lokotoro ne aka cuta. To, ga tamu maganar.

Ku tuna watan Mayu na 2019, daren da motar dakon mai ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutum fiye da 50 suka rasu. Ku tuna Nuwamba na 2021 a Maradi, ranar da azuzuwan zana suka ƙone, yara 'yan lakwal fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Wa ya tunkari wutar? Pompiye. Wa ya karɓi waɗanda suka ƙone, ya kwana tsaye a kansu? Lokotoro da masu jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu ƙi lokotoro ya fi kowa albashi ba. Mutumin da ya yi shekara 7 ko fiye a jami'a yana koyon jikin ɗan Adam, in ba a biya shi da kyau ba, waje zai tafi, talaka ya rasa mai duba shi. Wannan ladan karatu ne, halalinsa ne.

Amma kasada ba ta tambayar takardar shaida. Da sanƙarau ya faɗo Yamai a 2015, da kwalara ta ɓarke a Madarumfa a 2018, cutar ba ta ware lokotoro da mai share ɗakin marasa lafiya ba. Direban motar ɗaukar majinyata ma ransa ɗaya ne.

Ga kuma abin da ake mantawa. Lokotoro yana da ƙungiya, in ya ji matsi yana iya yajin aiki. Pompiyen ƙasarmu soja ne, ba shi da wannan dama. In an buga lamba 18 sai ya tashi, ko ya ci ko bai ci ba. Wanda aka hana shi kuka, wajibi ne mu yi magana dominsa.

Saboda haka muna kira ga hukuma:

1. Kuɗin kasada ya zama daidai ga duk mai tunkarar wuta, ambaliya ko annoba, ba tare da duban girma ba.
2. A biya kuɗin aikin dare kan lokaci.
3. A ƙara wa wanda aka tura ƙauye, don kada a bar mutanen karkara ba mai magani.
4. Wanda ya mutu a bakin aiki, a riƙe matarsa da marayunsa.

Kada mu yarda a haɗa lokotoro da pompiye faɗa a kan ƙwarya ɗaya. Ranar da wuta ta kama gidanka, ɗan'uwa, dukansu biyu za ka nema.