Ijazar Mai Magani

Duk wanda ya zauna kasuwa a ƙasar nan ya san motar nan mai lasifika da ke tsayawa kusa da tasha, a buɗe bayanta a jera kwalabe da ƙulle-ƙulle, mai ita ya yi ta shela wai kwalba guda tana maganin basir da shawara da ciwon suga da sanyin ƙashi da rashin haihuwa. Jama'a su kewaye shi, wani ya miƙa kuɗin cefanen gidansa. Kafin la'asar mota ta tashi, ba wanda ya san garin da ta nufa. In wanda ya sha ya kwanta, ƙodarsa ta lalace, ba inda za a kai ƙara, don ba a san sunan mai maganin ba balle na malaminsa.

Abin mamaki ne a ce wannan sana'a ita ce aka bari sake. Almajiri ba ya zama alaramma don ya naɗa rawani: sai ya sauke, ya haddace, ya rubuta, a kai rubutun gaban gwanaye su bi shi wasali bayan wasali, su fid da kuren da ke ciki. Mai karantar da Muhtasar kuwa akan tambaye shi wa ya ba shi izini, shi wancan kuma daga wa ya karɓa, har silsila ta kai inda za ta kai. Haka ɗan kasuwa, in muduwansa biyu ne, na saye daban na sayarwa daban, akwai Sarkin Kasuwa da zai kira shi. To, yaya za a tsananta wajen wasali da wajen awon gero, sa'an nan a sassauta wajen abin da mutum zai haɗiye yana tsakanin rai da mutuwa?

Shari'a dai ba ta sassauta ba. Ya zo cikin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito cewa wanda ya shiga ba da magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Malaman fikihu suka rarrabe tsakanin mutum biyu. Akwai gwani wanda aka ba izini, ya yi aiki bisa ƙa'idar sana'a, ajali ya zo. Wannan ba a bin sa da kome. Akwai kuma jahili wanda ya ruɗi mutane da kama irin ta masana. Wannan ana bin sa diyya, mahukunta kuma su hore shi. Wannan rarrabewa ba ta yiwuwa sai in akwai hanyar da alƙali zai gane gwani daga jahili, watau shaidar ma'abota sana'ar.

Magabata sun gane haka tun da wuri. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum ya rasu saboda kuskuren mai magani. Sai ya umurci muhtasibi ya hana kowa ba da magani sai wanda babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya jarraba ya ba shi takarda da hannunsa. Masu tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860, ban da mashahurai da masu yi wa fada aiki. Cikin labarin akwai wani dattijo mai kyakkyawar shiga da ya zo gaban Sinan. Da aka tambaye shi malamansa sai ya fito da ƙullin dinari, ya ce shi karatu da rubutu bai iya su sosai ba, amma da wannan sana'a ya ke ci da iyali. Sinan ya yi dariya, ya bar shi ya ci gaba bisa sharaɗin kada ya taɓa cutar da bai sani ba, kada kuma ya fid da jini ko ya ba da maganin wankin ciki sai a ƙananan cututtuka. Dattijo ya ce ai dama tun da ya ke bai taɓa wuce ruwan zuma da tsami da ruwan wardi ba. Maganar dinarin nan aibi ce, kuma har yau ita ce cutar kowace jarrabawa. Amma hukuncin Sinan yana da hikima, don bai kori tsoho saboda rashin karatu ba, sai ya auna saninsa ya shata masa iyaka.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, don ya ɗauki abin ilmi ne da ake rubutawa a karanta a gyara. A birane kuwa kowace sana'a da sarkinta. Yaron wanzami yakan yi shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, yana kallon yadda ake kafa ƙaho, kafin a bar shi ya taɓa kan jariri. Ɗan maɗori gado ya ke yi, garin duka an san gidansu, in ya ɓata ƙafar wani sunan kakansa ya ɓata. Kunyar gida da idon sarkin sana'a su ne lasisin wancan zamani. Abin da ya karya su shi ne mota da lasifika da gidan rediyo da wayar hannu, waɗanda suka ba mutum ikon sayar da magani inda ba a san asalinsa ba.

Gwamnati ta yi wani abu, ba a musu. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, tana ba magungunan gargajiya lamba. A 2006 aka ƙaddamar da ƙungiyar masu maganin gargajiya ta ƙasa, a 2007 aka fid da manufar gwamnatin tarayya game da sana'ar, a 2018 kuma Ma'aikatar Lafiya ta buɗe mata sashe na musamman. Jihar Ikko ta riga kowa, don tun 1980 ta ke da hukumarta ta masu maganin gargajiya. Sai dai akwai abin da ya kamata mai saye ya fahimta game da lambar nan. Yawancin magungunan gargajiya lambar jeri ake ba su, wadda ke ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba abin da aka kawo an ga ba shi da illa bayyananniya. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalba, shi ya sa aka wajabta rubuta cewa hukuma ba ta tantance da'awar ba. Kwalba aka duba, mai kwalba ba wanda ya tambaye shi ko ya san bambancin shawara da ciwon hanta mai kisa. Kuma dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana tallar magani da sunan yana warkar da waɗansu cututtuka da ta lissafa, cikinsu har da ciwon daji da ciwon suga da farfaɗiya, ga shi kuwa su ne abin da lasifika ta fi ambata.

Katin ƙungiya shi ma haka. In abin da ake bukata kawai hoto biyu ne da kuɗin rajista, to, rasit ne aka ba mutum, kuma illarsa ta fi ta rashinsa, don maƙaryaci yakan ɗaga shi sama ya ce hukuma ta san da shi. Ƙungiyar da ta isa a kira ta ƙungiya ita ce mai ikon cewa a'a: ta ƙi karɓar wanda ba shi da malami, ta saurari ƙarar wanda aka cuta, ta karɓe katin wanda ya yi ha'inci ta shelanta sunansa a kasuwannin da ya ke ci. Shugabannin da ke rayuwa da kuɗin rajista da wuya su kori mai biya, saboda haka ya kamata masu jarrabawa su zama daban da masu karɓar kuɗi, a sa likita da mai harhaɗa magunguna na asibiti da wakilin masarauta su zauna tare da dattawan sana'a.

Mutanen zango da ke fatauci zuwa Kumasi sun ga yadda Gana ta yi. Tun 1975 ta ke da cibiyar binciken itatuwan magani a Mampong, wadda likita Oku Ampofo ya assasa bayan ya daɗe yana aiki tare da masu maganin ƙauye. A 2000 ta yi doka mai lamba 575 wadda ta kafa majalisar yi wa masu sana'ar rajista, a 2001 jami'ar Kumasi ta fara ba da digiri a kan maganin itatuwa. Wannan abin koyi ne, amma da hattara. In aka ce a nan ba mai ba da magani sai mai takardar boko, an kori tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, an kori maharbin da ya san saiwa ɗari da sunayensu da lokacin haƙarsu, an bar fili ga mai bakin Turanci da injin buga takarda. Jarrabawa ta kasance da Hausa, da baki ga wanda ba ya rubutu, da ajami ga wanda ya iya, a ajiye masa sassaƙe da ganye a gabansa ya fid da sabara daga marke, ya faɗi awon filasko ga babba da ga yaro, ya faɗi abin da ba a ba mai ciki. Izinin kuma ya zama na fanni: maɗori ɗori, wanzami wanzanci, 'yar mai ganye magungunan yara da na mata, kowa inda aka shaide shi.

Horon da za a ƙara musu ba mai yawa ba ne, amma rai ya rataya a kansa. Na farko tsabtar ƙarfe. Aska guda da aka yi wa mutum goma tsaga ko aka cire wa jarirai belu da ita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga jini zuwa jini, kuma goge ta da tsumma ba ya kashe kome. Sai awo, don zaƙami da ruwan tinya da 'ya'yan bini-da-zugu duk suna cikin kayan sana'a, duk kuma suna iya haukatarwa ko makantarwa ko kisa in hannu ya yi nauyi. Ba duk abin da ya tsiro daga ƙasa ne ba shi da dafi ba. Mafi girma duka shi ne sanin inda za a tsaya. Maɗori ya ɗaure karaya da kara ya tsananta ɗauri, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, in bai kwance ya aika asibiti a ranar ba hannun yaro sai yankewa. Naƙuda ta kwana ta wuni ba a kai mace asibiti ba, ko a yi mata yankan gishiri, ƙarshenta yoyon fitsari. Mai kwantar da yanar ido da tsinke yakan sa mutum ya ga haske ranar farko a yi ta kabbara, amma binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya sami kamar bakwai cikin goma na idanun da aka yi wa haka a makance. Irin wannan aiki ba horo ya ke bukata ba, hani ya ke bukata, tun da ana cire yana a asibiti cikin ɗan lokaci kaɗan.

Za a ce ai asiri ne, in mutum ya faɗi haɗinsa likitoci za su sace. Tsoron yana da dalili, amma yana da magani, watau yarjejeniya a rubuce da shaidu, abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Maganin sikila da ake kira Niprisan daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, ya fito. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta yi yarjejeniya da shi, aka gwada haɗin, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce na Kudu, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin maganin. Cinikinsa ya sha tangal-tangal daga baya, wannan kuwa darasi ne ga masu rubuta irin wannan yarjejeniya su bayyana rabon kowa tun farko. Wanda ya ɓoye haɗinsa har ya shiga kabari da shi, ilmin ya tafi. Wanda kuwa ya ɓoye shi don ya niƙa ƙwayar asibiti ta ƙarfin maza ko ta kashe zafi ya zuba ciki, wannan algus ne, hukuncinsa hukuncin mai zuba wa nono ruwa, har ya fi muni.

Malamai ma maganar ta shafe su, ba a kewaye ba. Shagunan da ake kira na maganin Musulunci sun cika gari, ana sayar da zuma da habbatus sauda da man zaitun. Falalar waɗannan abubuwa ba a jayayya a kanta. Amma rubuta sunan Larabci a jikin jarka ba ya mai da mai shago likita, kuma wanda ya ce wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa ya koma shan zuma ya shiga ƙarƙashin hadisin lamuni kamar yadda boka ya shiga, rawaninsa ba zai fisshe shi ba. Limamin da ya ba irin wannan mutum lasifikar masallaci bayan sallar Juma'a ya ba shi tazkiyya ne a gaban jama'a, sai ya tambayi ijazarsa tukuna kamar yadda zai tambayi baƙon da ya zo neman yin tafsiri.

Fatake masu kawo saiwa da sassaƙe Kasuwar Kurmi da sauran manyan kasuwanni su ne farkon silsilar, don haka rajista ta haɗa da su. Buhun da ya sha damina ya yi fumfuna, ko aka feshe shi da maganin ƙwari don kada gara ta ci, ya tashi daga magani. A littafin ƙungiya a rubuta sunan dillali da garin da aka haƙo kaya da watan da aka haƙo su, a kan kowane ƙulli kuma mai magani ya sa sunansa da unguwarsa da lambar katinsa, da boko da ajami, yadda in wani ya sha ya kwanta danginsa za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, alƙali kuma ya san wanda zai aika wa sammaci.