Makaɗin Fim Ba Ɗan Ƙwadago Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakaninmu masu nazarin finafinan Hausa, ɗalibai da malamai baki ɗaya, wadda ya kamata a fito fili a yi maganarta. In ɗalibi ya tashi rubuta kundin digiri a kan wani fim, sai ya yi babi guda a kan jigo, babi guda a kan zubi da tsari, ya yabi darakta ko ya kushe shi, sa'an nan in ya zo kan kiɗa da waƙa ya sallame su da layi biyu, wai kwaikwayon Indiya ne, ba al'adarmu ba ce. Malam kuma ya sa hannu. Ba mai tambayar wane ne ya tsara kiɗan, ko sau nawa ya yi aiki da wannan darakta, ko ma an ba shi labarin kafin ya taɓa fiyano.

To, tun da Indiya ake zargi, bari mu fara daga can. Duk dattijon da ya taɓa shiga silima a Sakkwato ko Kano ya san Mother India na 1957. Mehboob Khan ne ya ba da umarninsa, Naushad ya yi kiɗansa, kuma ba ranar nan suka haɗu ba. Tun Anmol Ghadi a 1946 suke tare, suka yi Andaz a 1949, da Aan a 1952, har zuwa Son of India a 1962, watau shekara 16. Naushad kuwa daga kiɗan gargajiyar ƙasarsu da waƙoƙin mutanen karkara yake ɗebo kayan aikinsa. Haka masu son fim ɗin kaboyi: Sergio Leone da Ennio Morricone, mutanen Italiya, sun yi fim shida tare daga 1964 zuwa 1984, har ta kai a fim ɗinsu na 1968 sai da aka gama kiɗan tukuna, aka riƙa sa shi a wurin ɗaukar hoto, 'yan wasa suna tafiya bisa amonsa. Ashe ke nan mun kwaso rawar Indiya da sauya tufafi sau biyar cikin waƙa ɗaya, muka baro musu abin da ya sa waƙar ta zauna cikin labari.

Ku dubi yadda aka saba yi a Kano. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera waƙarsa ta soyayya ba da sanin kowane labari ba, furodusa ya ji ta yi masa daɗi ya saya, a zo a nemi inda za a cusa ta. Shi kuwa kiɗan da ke bin labari a ƙarƙashin maganar 'yan wasa, sau da yawa tsinto shi ake yi daga finafinan waje. Sai ka ga an nuna tsohuwa tana kukan rasuwar ɗanta a zauren ƙasa, amma abin da kunnenka ke ji na wata duniya ne dabam. Sangaya, wanda ya girgiza kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, waƙarsa ce ta sayar da shi, kowa ya san haka. Ku je gidan kallo a Tambuwal ko Dogon Daji ku tambayi wa ya fito a ciki, nan take za a ce muku Ali Nuhu da Fati Muhammad. Ku tambayi wa ya yi kiɗan, ku ji shiru. Kai, ku bar gidan kallo, ku yi tambayar a ajinmu.

Wani zai ce ai ga Ali Nuhu da Umar M. Shareef. Gaskiya ne, kuma a yaba musu: tun daga Mansoor a 2017 an ga darakta ya riƙe mawaƙi guda fim bayan fim, har masu kallo suka san muryar da za su tarar. Amma wannan zumunci ne da mai murya, wanda kuma ya zama jarumin fim ɗin. Wanda ke zaune gaban fiyano har yanzu biyansa ake yi a sallame shi, kamar mai sassaben gona.

Abin haushin shi ne, ba wanda ya fi mu sanin amfanin daɗewa tare. Narambaɗa bai yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa ta kwangila ba. Shekaru ya yi a fadarsa, ya san zuriyarsa da dawakinsa da magabtansa, shi ya sa Bakandamiya da 'yan'uwanta suka yi nauyi. Ɗan'anace ya bi Shago fage fage har ya san lokacin da zai ɗaga hannu. Na san sarki ba darakta ba ne, ɗan dambe kuma ba fim ba ne, amma aikin ɗaya ne: makaɗi ba ya iya fito da abin da bai zauna da shi ba. A ƙauyukan Kebbe da Kuchi da Sanyinna ma, mai gangar noma ya san kirarin kowane saurayi da ke cikin gayya, ya san wanda zai zuga da wanda zai yi wa zambo. Wane darakta ne ya taɓa ɗauko makaɗinsa ya kawo shi nan, su kwana biyu suna saurare, kafin su yi fim ɗin da suka ce na ƙauye ne?

Za a ce ba kuɗi. Ni ban yarda ba. Masu ɗaukar hayar manyan motoci da gidajen alfarma don fitowa ɗaya ba za su rasa abin da za su riƙe makaɗi guda tun daga ranar rubuta labari ba. Ba su ɗauke shi abokin shawara ba ne kurum, mu kuma masu alƙalami mun taya su da shirunmu.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya, in Makon Hausa ya zagayo, kada a sake gayyato jarumi shi kaɗai don a ɗauki hoto da shi. A gayyato darakta da makaɗinsa, a zaunar da su teburi ɗaya, a sa fitowa guda daga fim ɗinsu, a tambaye su wa ya zaɓi wannan kiɗan, kuma don me. Su kuma malamanmu, duk kundin da ya zo gabansu babu sunan makaɗi a ciki, su mayar wa mai shi ya je ya nemo.